Mano Dayak: Ɗan jagoran tseren Paris-Dakar da ya zama madugun tawayen Abzin

Duk wanda ya taso daga birnin Katsina ya kama hanyar Jibiya, ya tsallaka iyaka ya shiga Maraɗi, sa'annan ya bi ta Birnin Ƙonni da Tawa har ya dangana da Agadas, zai tarar da filin jirgin sama a gefen garin da ake kira da sunan Mano Dayak. 'Yan Nijeriya da dama sun bi ta gaban wannan fili a cikin motocin da ke kwasar 'yan ci-rani zuwa Libiya da Aljeriya, amma kaɗan ne cikinsu suka san mai sunan, balle su san cewa hanyar da suke shirin bi cikin dare a ɓoye ta taɓa zama filin tseren motoci mafi shahara a duniya, wanda ake haskawa a gidajen talabijin na Turai a kowane watan Janairu.

Mano Dayak yana cikin mutanen da suka buɗe wa wannan tsere ƙofar hamadar Tenere. Ya samu dukiya da suna ta sanadin baƙin da suka zo kallon rairayi, daga bisani kuma ya shiga sahun waɗanda suka ɗauki makami a kan gwamnatin Nijar, abin da ya kori baƙin nan gaba ɗaya. Ya rasu yana da shekara 46, a hatsarin jirgin sama, a kan hanyarsa ta zuwa teburin sulhu.

Yaron kwarin Tidene

An haifi Mano Dayak a 1949 a kwarin Tidene da ke arewa da Agadas, cikin duwatsun Abzin. Iyayensa makiyaya ne daga zuriyar Ifogas, ɗaya daga cikin rassan Abzinawa, waɗanda mutanen Katsina suka fi sani da Buzaye. Dangantakar ƙasar da aka haife shi da ƙasar Hausa tsohuwa ce ƙwarai. Kowace shekara, idan damina ta wuce, ayarin raƙuma kan tashi daga Abzin ya ratsa Tenere zuwa Faci da Bilma ya ɗoro kantun gishiri da dabino, sa'annan ya gangaro kudu ya musanya su da gero da tufafi a kasuwannin Damagaram da Katsina da Kano. Da irin wannan ayari ne Bajamushen nan Heinrich Barth ya biyo, bayan ya ziyarci Agadas a 1850, ya iso Katsina a farkon 1851. Har yau Abzinawa da kalmar Hausa suke kiran shugaban ayarinsu, wato madugu.

Lokacin da Mano ya taso, ƙasar tana hannun Faransa, kuma tabon yaƙin Kawosan bai warke ba. A 1916 ne Kawosan ya yi wa sansanin Faransawa na Agadas ƙawanya, kuma ramuwar da ta biyo baya a 1917 ta halaka malamai da manyan gari, ta tarwatsa garken dabbobi, ta tilasta wa iyalai da yawa yin hijira kudu har cikin arewacin Nijeriya. Saboda haka iyaye a Abzin ba su ɗauki makarantar Nasara da wata daraja ba, ɓoye 'ya'yansu suke yi idan masu kamen yara sun zo. Mano yana da kimanin shekara 10 hukuma ta tilasta aka kai shi makarantar 'ya'yan makiyaya da ke Azel, kusa da Agadas. Ya shiga ba da son ransa ba, amma karatu ya karɓe shi. Ya ci gaba a makarantar sakandare ta Agadas, ya yi aiki na ɗan lokaci a Yamai, kuma yana da kimanin shekara 20 ya tafi Amurka, inda ya haɗa karatu da neman abin kai wa baka. A 1973 ya koma Paris ya karanci al'adu da zamantakewar al'ummomin Berber, waɗanda Abzinawa reshe ne a cikinsu. A can ya auri wata Bafaranshiya.

Zaman Paris ya koya masa wani abu da ya amfane shi har ƙarshen rayuwarsa. Ya lura Faransawa suna da wani irin shauƙi game da hamada da mutanenta masu shuɗin rawani, shauƙin da littattafai da hotunan zamanin mulkin mallaka suka dasa musu. Da ya dawo gida sai ya fara aikin jagorantar 'yan yawon buɗe ido a ƙarƙashin wani kamfanin Faransa, daga baya ya kafa nasa, Temet Voyages, wanda ya raɗa wa sunan wasu dogayen tuddan rairayi da ke gindin Dutsen Greboun. Kamfanin ya bunƙasa har ya zama mafi girma a Agadas. Samarin da fari ya raba da dabbobinsu suka samu aikin tuƙi da girki da jagora, sanin rijiyoyi da taurari da suka gada daga iyaye ya zama abin da ake biya da kuɗin Faransa.

Mutumin da ya ɓata a hamada

A Janairun 1977 wani matashin Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ya shiga tseren da ake yi daga Abijan zuwa birnin Nice na Faransa a kan babur ƙirar Yamaha. Ya kauce hanya a arewa maso gabashin Nijar, kusa da iyakar Libiya, ya yi kwanaki cikin ƙishirwa kafin wani matuƙin jirgin sama ya hango shi. Maimakon wannan wahala ta sa ya yi bankwana da hamada, sai ya koma gida da niyyar shirya tseren kansa.

Ranar 26 ga Disamba, 1978, motoci da babura 182 suka tashi daga Paris. Sun tsallaka teku zuwa Aljeriya, suka gangaro ta Tamanrasset, suka shigo Nijar suka yada zango a Agadas, suka wuce Yamai da Gao da Bamako. Tafiyar ta kai kusan kilomita 10,000, kuma 74 ne kawai suka isa Dakar a tsakiyar Janairun 1979. Cyril Neveu ne ya zo na ɗaya a kan babur. Daga nan tseren ya zama na shekara-shekara, kuma abin da ya fi ɗaga shi a idon duniya shi ne haɗarinsa. A 1982 Mark Thatcher, ɗan Firayim Ministar Birtaniya ta lokacin, ya ɓata kwana shida a kudancin Aljeriya sai da jirgin sojan ƙasar ya gano shi. A 1983 aka ratsa Tenere a karon farko, guguwar rairayi ta taso ta ɓatar da kimanin mutum 40, Sabine ya yi kwana huɗu yana shawagi a jirgi mai saukar ungulu yana tsinto su ɗaya bayan ɗaya.

Tenere ba ta da alamar hanya. Fili ne shimfiɗaɗɗe da mota za ta yi yini tana gudu direba bai ga dutse ko itace ba. Bishiyar ƙaya ɗaya tilo da ayari ke kwatance da ita tsakanin Agadas da Bilma ma wata babbar mota ta ture ta a 1973, yanzu gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai. A wancan zamani babu na'urar tauraron ɗan'adam da ke nuna wa direba inda yake, sai littafin kwatancen hanya da na'urar nuna alƙibla. Kafin a zana hanyar kowace shekara, dole a samu waɗanda suka san inda rairayi ke da taushi yana haɗiye taya, da inda rijiya take, da inda ƙaramin jirgi zai iya sauka, da sarakunan da za a gaisar kafin a bi ta ƙasarsu. A nan ne hanyar Sabine ta haɗu da ta Mano Dayak. Mano yana da motoci da direbobi da suka san ƙasar, yana jin Faransanci kamar ɗan Paris, yana kuma da faɗa a tsakanin mutanensa. Ya shiga cikin masu tsara gasar a ɓangaren Nijar, kuma abota mai ƙarfi ta ƙullu tsakaninsa da Sabine.

Abotar ba ta yi tsawon rai ba. Ranar 14 ga Janairu, 1986, jirgi mai saukar ungulu da ke ɗauke da Sabine ya faɗi da daddare kusa da Gourma-Rharous a ƙasar Mali. Mutum biyar da ke ciki duk suka mutu, har da mawaƙin Faransa Daniel Balavoine, wanda ya biyo gasar domin aikin kafa famfunan ruwa a ƙauyuka. An ƙone gawar Sabine aka watsa tokar a gindin wata bishiya da ke tsakiyar Tenere, wadda yanzu ake kira da sunansa. Mahaifinsa, Gilbert Sabine, ya ci gaba da riƙe gasar.

Agadas a ranar hutun gasa

A shekarun 1980 Agadas ta kasance zangon da 'yan tsere suka fi yin hutun tsakiyar tafiya. Gari ne na ginin ƙasa, wanda hasumiyar babban masallacinsa mai tsawon mita 27 ke tsaye tun ƙarni na 16, kuma Hausa ce harshen kasuwarsa. Idan gasar ta iso cikin hazon hunturu, jirage kan cika filin sauka, manyan motocin kayan gyara su yi sahu, makanikai su kwana suna kwance injuna a ƙarƙashin fitilu. Masu gidaje kan tashi su bar wa baƙi haya na kwana biyu a kan kuɗin da ya zarce hayar watanni. Maƙeran azurfa da dukawa da masu gasa nama da masu wankin mota kowa yana samun rabonsa. Yara kan hau katanga da tuddai su ga fitowar babura da asuba, ƙura na tashi a bayansu kamar hayaƙin gobara.

Cikin 'yan kallon har da wasu matafiya na daban. A waɗannan shekaru samarin Turai da yawa kan sayi tsohuwar Peugeot 504 a ƙasarsu, su tuƙo ta su ratsa Aljeriya, su shigo ta Assamaka da Arlit, su sayar da ita a Nijar ko maƙwabtanta, su sayi tikitin jirgi da kuɗin su koma gida. Wasu kan daidaita tafiyarsu da lokacin gasar domin su tsaya a Agadas su kalli motocin da suke gani a talabijin. Hotunan da aka ɗauka a waɗannan ranaku su suka tallata Abzin a Turai fiye da kowace sanarwar gwamnati. Masu shirya finafinai ma suka biyo, Mano ya taimaka wa Bernardo Bertolucci na Italiya da Raymond Depardon na Faransa wajen ɗaukar finafinansu da suka fito a 1990. A 1991 hukumar UNESCO ta sanya Abzin da Tenere cikin wuraren tarihi na duniya.

Sai dai gasar ta bar baya da ƙura ta wata fuskar. Motoci masu tsananin gudu suna ratsa ƙauyukan da yaransu ba su saba da mota ba, kuma an yi asarar rayukan mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. A 1988 motar tsere ta kashe wata yarinya 'yar shekara 10 a garin Kita na Mali, kuma jaridar fadar Paparoma ta yi wa gasar kakkausan suka a shekarar. Sunayen direbobin da suka mutu suna nan a rubuce, na mazauna ƙauyuka kuwa ba kowane aka kula da rubutawa ba. Hanyoyin da ayari da motocin 'yan kasuwa ke bi sukan dagule bayan wucewar gasar. Kuɗin da aka kashe a kan mota ɗaya ta manyan kamfanoni ya isa ya gina rijiyoyi masu yawa, a ƙasar da farin 1984 ya ƙarar da dabbobinta. Mano yana tsakiyar wannan taƙaddama, domin shi ne fuskar Abzinawan da suka ci moriyar baƙin, yayin da dubban 'yan'uwansa ke zaman gudun hijira.

Daga jagora zuwa tawaye

Fari biyu, na farkon shekarun 1970 da na 1984 zuwa 1985, sun rusa tattalin arziƙin makiyayan arewacin Nijar. Wasu sun gangaro Nijeriya suka kama aikin gadi a gidaje da shaguna, kamar yadda mutanen Katsina da Kano suka shaida. Samari da yawa kuma suka nufi Aljeriya da Libiya, inda wasunsu suka samu horon soja a rundunonin Mu'ammar Gaddafi. A daidai wannan lokaci ana haƙar yuraniyam a Arlit tun 1971, an shimfiɗa kwalta daga Tawa domin fitar da shi, amma mutanen yankin suna kukan cewa kuɗin a Yamai da Paris yake tsayawa.

Bayan rasuwar Shugaba Seyni Kountché a 1987, magajinsa Ali Saibou ya yi kira ga 'yan gudun hijira su dawo gida. Da yawa sun dawo suka tarar da sansanoni babu taimakon da aka yi musu alkawari. A watan Mayun 1990 wasu samari suka kai hari ofishin jandarmomi na Tchintabaraden, sojoji suka mayar da martani a kan fararen hula. Gwamnati ta ce kimanin mutum 70 ne suka mutu, ƙungiyoyin ƙasashen waje suka ce ɗaruruwa ne, Abzinawa kuma suka ce sun haura dubu. Babban taron ƙasa na 1991 ya tattauna batun, amma hukuncin da ya biyo baya bai gamsar da iyalan mamatan ba. Kafin shekarar ta ƙare aka kafa ƙungiyar tawaye ta FLAA, ƙarƙashin Rhissa Ag Boula, wanda shi ma daga harkar yawon buɗe ido ta Agadas ya fito.

Mano ya fara da abin da ya fi ƙwarewa a kai. Ya yi amfani da 'yan jarida da 'yan siyasa da taurarin da ya taɓa zagayawa da su hamada ya kai kukan mutanensa Faransa, kuma a 1992 ya wallafa littafi kan halin da Abzinawa ke ciki, mai suna Touareg, la tragédie. Daga bisani ya shiga duwatsu ya haɗu da mayaƙan. A 1993, bayan saɓani kan tsagaita wutar da ya shiga tsakani aka ƙulla, ya ɓalle ya kafa ƙungiyar FLT, sa'annan ya shugabanci gamayyar ƙungiyoyin tawaye da ake kira CRA. Buƙatunsu sun haɗa da cin gashin kai ga yankunan arewa, da kaso daga kuɗin yuraniyam, da ɗaukar 'ya'yansu aikin soja da na gwamnati.

Yaƙin ya ci waɗanda ba su da hannu a ciki. An riƙa tare motocin fasinja da na kaya a hanyoyin Agadas zuwa Damagaram da Tawa da Arlit, fatake Hausawa da Larabawa da Zabarmawa suka yi asarar dukiya da rayuka, har ta kai ba a tafiya sai cikin jerin gwano da rakiyar soja. Sojoji kuma suka riƙa kame Abzinawan gari ba tare da shari'a ba, kamar yadda aka yi a Agadas a watan Agustan 1992. Baƙi suka ɗauke ƙafa, gasar ta karkata yamma ta bar Nijar, UNESCO ta mayar da Abzin da Tenere cikin jerin wuraren da ke fuskantar barazana a 1992. Sana'ar da Mano ya yi shekaru yana ginawa ta durƙushe a hannun yaƙin da yake jagoranta. Abokan hamayyarsa a cikin tawayen sun zarge shi da kusanci da Faransa fiye da kima, yayin da mutane da yawa a kudancin Nijar ke kallonsa a matsayin mai neman raba ƙasa.

A watan Oktoban 1994 aka cimma yarjejeniyar farko a Wagadugu tsakanin gwamnati da CRA, da shiga tsakanin Aljeriya da Burkina Faso da Faransa. Amma kafin a kai ga ta ƙarshe gamayyar ta dare. Rhissa Ag Boula ne ya sa hannu a yarjejeniyar 24 ga Afrilu, 1995 a Yamai, Mano da magoya bayansa suka ja gefe suna ganin abin da aka samu bai kai ba.

Ranar 15 ga Disamba, 1995, Mano ya hau wani ƙaramin jirgi daga cikin duwatsun Abzin zuwa Yamai domin ganawa da shugabannin gwamnati kan yadda za a ceto sulhun. Jirgin ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa, ya kama da wuta, babu wanda ya tsira. Cikin mamatan akwai wasu shugabannin tawaye biyu da wani ɗan jarida Bafaranshe. Magoya bayansa da yawa ba su taɓa yarda cewa hatsari ne kawai ba. Makonni shida bayan haka, ranar 27 ga Janairu, 1996, sojoji ƙarƙashin Ibrahim Baré Maïnassara suka kifar da gwamnatin Mahamane Ousmane da ya tafi ganawa da ita.

Abin da ya rage a hanyar

Littafin tarihin rayuwarsa ya fito a 1996, bayan rasuwarsa. Gwamnatin da ya yaƙa ta sanya wa filin jirgin Agadas sunansa, ƙungiyar mawaƙan Tinariwen ta yi masa waƙa a kundinta na 2007, kuma Nijar tana hutun ranar 24 ga Afrilu domin tunawa da sulhun. Wasu daga cikin buƙatun 'yan tawayen sun samu shiga: an ɗauki tsofaffin mayaƙa aikin ɗamara, Rhissa Ag Boula ya zama ministan yawon buɗe ido, an ƙone makamai a bainar jama'a a Agadas a watan Satumban 2000, kuma Brigi Rafini, ɗan Iferouane, ya riƙe muƙamin Firayim Minista daga 2011 zuwa 2021.

Gasar ta dawo Agadas a 1997, amma dawowar ba ta ɗore ba. A 2000, saboda barazanar hari, aka kwashe motoci da babura a manyan jirage daga Yamai zuwa Libiya, aka tsallake Tenere ta sama. A 2008 aka soke gasar baki ɗaya bayan kashe wasu Faransawa huɗu a Muritaniya, aka mayar da ita Kudancin Amurka a 2009, sa'annan Saudiyya tun 2020, tana riƙe da sunan Dakar duk da ta bar Afirka. Tawaye na biyu daga 2007 zuwa 2009, da sace ma'aikatan yuraniyam a Arlit a 2010, suka ƙarasa abin da ya rage na yawon buɗe ido.

Direbobin da suka san rijiyoyin hamada ba su manta hanya ba, fasinjojinsu ne suka sauya. Bayan faɗuwar Gaddafi a 2011, Agadas ta zama babbar mashigar masu neman zuwa Libiya da Turai, kuma 'yan Nijeriya suna cikin waɗanda suka fi yawa. A watan Oktoban 2013 aka tsinci gawarwaki 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara ne daga yankin Kance, maƙwabtan Daura, waɗanda motocinsu suka lalace ƙishirwa ta kashe su. A 2015 Nijar ta kafa dokar haramta safarar baƙin haure, aka kama direbobi aka ƙwace motoci, masu sana'ar suka koma bin ɓoyayyun hanyoyin da ke nesa da rijiyoyi. Gwamnatin soja ta Janar Abdourahamane Tiani ta soke dokar a watan Nuwamban 2023, jerin motocin Hilux suka dawo fita fili daga Agadas zuwa Dirkou.

A 1983, da mutum 40 suka ɓata a Tenere, jirgi ya yi kwana huɗu yana nemansu, gidajen talabijin na Turai suna ba da labarin kowace rana. Yau idan motar 'yan ci-rani ta lalace a wannan wuri, galibi sai wata mota ta biyo sawu ko sojojin sintiri sun ci karo da ita ake sanin abin da ya faru, kuma iyalai a Kance da Daura da Katsina da Kano kan yi watanni suna jiran kiran waya.